Kafin a Kai ga Filaya

Akwai wani haƙori da ke fito wa yaro wajen shekara 6, kuma da wuya ka sami uwar da ta lura da ranar da ya ɓullo. Turmi ne, can ƙuryar baki, bayan haƙoran yarinta na ƙarshe, guda huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Ba ya jiran wani ya faɗi ya bar masa gurbi, saboda haka babu famfara, babu giɓi, babu yayyen da za su tasa yaro a gaba da tsiya. Shiru yake fitowa. Shi ya sa ranar da aka hango baƙi-baƙi a tsakiyarsa sai a ce, "Ƙyale shi, ai na yarinta ne, zai faɗi wani ya fito." Babu wanda zai fito. Wannan turmin shi ne na farko cikin turamen girma, da shi aka so mutum ya ci tuwo har tsufansa, kuma shi ya fi kowane haƙori saurin yin kogo. Samansa duk tsagogi ne da abinci ke maƙalewa, ga shi ya zo daidai lokacin da yaro ya fara riƙe kuɗin tara, uwa kuma ta daina leƙa bakinsa.

Daga fitowarsa zuwa ranar da za a danne yaron a kujerar asibiti a zare shi, akwai shekara huɗu, biyar, wani lokaci goma. A duk tsawon shekarun nan babu ma'aikacin lafiya ko ɗaya da aka ɗora wa alhakin ya ce wa yaron "buɗe baki mu gani". An yi masa allurar ƙyanda, an bi shi har gida an ɗiga masa na shan-inna, an ba shi maganin zazzaɓi da damina, amma baki an bar wa kemis. Ra'ayina a nan shi ne, muddin lafiyar haƙori ta ci gaba da zama aikin likitan haƙori shi kaɗai a babban asibitin birni, to cirewa za mu yi ta yi har illa masha Allahu. Inda ya kamata aikin ya koma shi ne inda yara suke taruwa kullum, firamare da Islamiyya da tsangaya, sai kuma ƙaramin asibitin unguwa.

Kowa ya san hanyar da mai ciwon haƙori yake bi a wajenmu. Da fari ɗan tsami ne in an sha ruwan sanyi, sai a mayar da tauna ɗaya gefen. Daga nan kanunfari, wanda a gaskiya yana ɗan kashe zogi, likitoci ma suna aiki da mansa. Sai ruwan ɗumi da gishiri. In dare ya raba barci ya gagara, a aika kemis a sayo maganin kashe ciwo da kafso biyu ko uku. Wasu su daka asfirin su cusa a kogon ya ƙone musu dasashi, akwai ma masu ɗiga ruwan batir, don azaba in ta kai wani wuri hankali ba ya aiki. Sai kunci ya haye, ido ya fara rufewa, sannan a nemi asibiti, kuma magana ɗaya ake shiga da ita: "Likita, don Allah a cire shi kawai in huta." Shi ma likitan sau da yawa ba shi da yadda zai yi. Haƙorin da ciko na 'yan mintoci zai ceto bara, bana ruɓar ta kai jijiya, aikin jijiya kuwa kuɗinsa ya ninka na cirewa ninkin ba ninkin.

A tsakiyar wannan hanya mai cire tsutsa yake zaune. Za ka same shi ranar kasuwa ko a bakin tasha, da lasifika da kwalabe jere a tabarma. Ya ba mutum wani ruwa ya guntsa, ko ya tura masa auduga cikin kogon, ko ya turara masa hayaƙi, jim kaɗan a tofar cikin kwano sai ga wasu 'yan fararen abubuwa, 'yan kallo su ɗauki salati. Ba na yi wa wanda ya je wurinsa dariya. Mutanen Babila sun yarda da tsutsar haƙori, Turawa ma sun riƙe ta har cikin ƙarni na 18. Kuma mutumin nan, duk da damfararsa, ya yi abin da hukuma ba ta yi ba: ya zo har inda mai ciwo yake, ya yi masa bayani da harshen da yake ji, ya karɓi abin da aljihunsa zai iya. Amma dai babu tsutsa a haƙori.

Abin da ke akwai ya fi tsutsa ƙanƙanta. Dauɗar nan mai yauƙi da harshe ke ji a jikin haƙori da safe, cike take da ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, kuma sukari ne abincinsu. Da zarar zaƙi ya shiga baki, cikin 'yan mintoci sun mayar da shi asid, shi kuma ya shiga narkar da farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori, wanda duk jikin ɗan Adam babu abin da ya kai shi tauri. Yawu ne ke kawo ɗauki. Yana wanke asid ɗin, yana mayar wa haƙori sinadaran da ya rasa, sai dai yana buƙatar rabin awa zuwa awa guda kafin baki ya daidaita. To a nan lissafin yake. Wanda ya sha zaƙi sau uku a yini tare da abinci, bakinsa yana samun sararin gyara. Yaron da ya karya da koko mai sukari, ya tsotsi alawa a hanyar makaranta, biskit da tara, askirim in an tashi, zoɓo a Islamiyya, tuwon madara da magariba, sannan ya kwanta da ɗanɗanon shayi a baki, haƙoransa cikin asid suka wuni. Na daren ya fi muni, domin yawu yana ja da baya in mutum ya yi barci.

An tabbatar da wannan ne ta hanyar da yau babu mai yarda a maimaita. Daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon na 1950, a asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa na Vipeholm da ke garin Lund a Suwidin, an riƙa ba majinyata alawa mai danƙo tsakanin abinci da abinci don a ga abin da zai faru. Haƙoransu suka lalace, alhali waɗanda aka ba sukarinsu tare da abinci kawai ɓarnar ba ta kai haka ba. Zalunci ne aka yi wa bayin Allah da ba su da bakin cewa a'a. Amma daga nan mutanen ƙasar suka ɗauki wata al'ada da har yau suna kanta: alawar yara sai ranar Asabar, a sha a gama a wanke baki. Da iyaye mata a nan za su kafe a kan cewa alawa sai Juma'a, da an rage aiki ba kaɗan ba.

Wani zai ce ai kakanninmu sun koma ga Allah da haƙoransu cas a baki, ba buroshi ba makilin. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ruɓewar haƙori ba ta taɓa yi mana katutu yadda ta yi wa Turai da Amurka a ƙarnin da ya wuce ba, kuma har yanzu binciken da ake yi a Najeriya yana nuna yawanta bai kai na ƙasashe da dama ba. Inda muka yi fice shi ne, haƙorin da ya ruɓe a nan galibi haka ake barinsa, babu ciko babu komai. Amma a tuna abin da kakannin suke ci: tuwon dawa, fura mai tsami, ɗumame da safe. Zaƙi sai lokacin rake da mazarƙwaila, ko zuma, ko nakiya da alkaki in ana biki. Yau sukari ya shiga fura, ya shiga kunu, ya shiga garin kwaki. Tsaya a teburin mai shayi ka ƙirga cokalin da yake zubawa tun kafin ya tsiyaya madarar gwangwani. A Nijar kuma shayin buta sai an yi zagaye uku, ana yi ana ƙara sukari. Robar lemo ɗaya ta rabin lita tana ɗauke da sukari wajen giram 50. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce kada irin wannan sukari ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin mutum a yini, in so samu ne ma ya tsaya ƙasa da kashi 5, wato kimanin giram 25, cokalin shayi 6. Roba guda ta ninka shi, kuma ita ce yanzu tukwicin da baƙo ke miƙa wa yaran gida.

Sai maganar aswaki, wadda dole a taka ta a hankali. Muna da abin da ƙasashe da yawa suke kashe kuɗi don koya wa mutanensu, wato addinin da ya mayar da goge baki ibada. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa ba don gudun tsananta wa al'umma ba da Manzon Allah (SAW) ya umarce su da yin aswaki a kowace salla, da wuya ka sami ɗan Islamiyyar da bai san shi ba. Ga kurkurar baki a kowace alwala. Kuma aswaki, na Makka ne ko na darbejiya, in an iya riƙe shi an bi haƙori ɗaya bayan ɗaya, yana kankare dauɗa ƙwarai. Sai dai yawancinmu taunawa muke, a maƙale shi a gefen baki ana hira, a ɗan shafi na gaba da mutane ke gani, turamen can ciki ko oho. Abin da ya fi wannan girma kuma, aswaki ba ya ba haƙori isasshen fulorayid. Ni dai ban ga dalilin haɗa shi faɗa da buroshi ba. Aswaki a kowace alwala, buroshi da makilin mai fulorayid da safe da kuma kafin barci. Duk ma'aikacin lafiyar da ya shiga rediyo yana kushe aswaki a ƙasar Hausa, da hannunsa ya kori masu sauraronsa.

Fulorayid ɗin nan sinadari ne da ke cikin ƙasa da ruwa tun fil azal. In yana taɓa haƙori kaɗan-kaɗan a kai a kai, yana taya yawu gyaran da na ambata, ya kuma ƙara wa ɓawon haƙori juriyar asid. Garin Grand Rapids na Amurka ne ya fara zuba shi a ruwan famfo a 1945, wasu ƙasashe suka bi sahu. Akan sami masu cewa mu ma mu yi haka. Ban goyi baya ba. Famfon da ba ya kawo ruwa, me za a zuba a cikinsa? Yawancin gidaje da 'yan ga-ruwa da rijiya da burtsatse suke rayuwa, kowace rijiya kuma da irin ruwanta. Ga darasin Tibiri a jihar Maraɗi: burtsatsen da aka haƙa wa garin a tsakiyar shekarun 1980, fulorayid ɗinta ya zarce miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, nesa ba kusa ba. Aka yi shekaru ana sha, yara ɗaruruwa suka tashi da jajayen haƙora da tanƙwararrun ƙafafu. A Najeriya ma an san yankin Kaltungo a Gombe da Langtang a Filato da haƙora masu dabbare-dabbare saboda ruwa. Aikin hukumomin ruwa a wajenmu auna rijiyoyi ne. Namu fulorayid ɗin ta makilin zai zo, a goga a tofar.

A nan ɗin ma akwai 'yan abubuwan da ba a cika faɗa wa mutane ba. Ba kowane makilin ke da shi ba. A duba jikin kwali a nemi lambar yawan fulorayid tsakanin 1000 da 1500, don wasu masu kirarin "na ganye ne" babu ko ɗigo a cikinsu. Ba a cika buroshi dam yadda ake yi a talla: yaron da bai kai shekara 3 ba gwargwadon ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 ƙwayar wake. Sai wanda ya fi yi mana wuya, mu da buta ba ta barin hannunmu: in an gama a tofar kawai, kada a kurkure, don ruwan yana tafiya da maganin. A fara tun ranar da haƙorin farko ya tsaga dasashi, uwa ta riƙa goge masa da hannunta har ya kai shekara 7, a kuma daina kwantar da jariri da fida cike da shayi.

Amma duk wannan nasiha ce, kuma mun daɗe muna shan nasiha. Kowace 20 ga Maris akwai ranar lafiyar baki ta duniya, a buga riguna, a je makaranta ɗaya ta bakin titi a raba buroshi, a ɗauki hoto, sai baɗi kuma. Matar da ke da yara bakwai, maigida ya fita tun asuba, ba rashin sani kaɗai ne ya hana ta ba. Buroshi bakwai da makilin duk wata kuɗi ne, bin yara bakwai ɗaya bayan ɗaya bayan isha kuma ƙarfi ne da ba ta da shi a lokacin.

Sukotlan ta gane haka. A da yaranta suna cikin waɗanda suka fi ruɓaɓɓun haƙora a yammacin Turai, kuma ba ta zuba fulorayid a ruwanta. Daga 2001 ta kama wani abu da ba shi da wani armashi: kowane yaro a makarantar reno, kowace rana, ya goge baki da makilin a gaban malama. Daga baya, a ƙarƙashin shirin Childsmile, aka ƙara da shafa wa yaran unguwannin talakawa fulorayid mai kauri sau biyu a shekara. A 2003 kashi 45 cikin ɗari kawai na 'yan shekara 5 ne ba a ga ruɓa a bakinsu ba. Zuwa 2020 sun haura kashi 70. Da aka buga lissafi, kuɗin da aka daina kashewa a ciko da cirewa ya fi na buroshi da makilin yawa. In an ce ai su masu kuɗi ne, to Filifin fa? A can ma'aikatar ilimi ta haɗa abu uku a firamare: wanke hannu da sabulu kullum, goge baki kullum, maganin tsutsar ciki sau biyu a shekara, yara su jeru a bakin wani dogon bututu mai huda-huda ana yi tare.

Mu kuwa muna da abin da ya fi makarantar reno yawa. Ɗan Bahaushe ko bai taka firamare ba, da wuya ya tsallake allo ko Islamiyya. A can akwai wurin alwala, akwai butoci, akwai malamin da in ya ce a yi ana yi, akwai kuma babin tsarki da maganar za ta zauna a cikinsa daram. Minti biyar kafin a ɗauki karatu ya isa. Kowane yaro da buroshinsa mai suna, babban ɗalibi ya ɗiɗɗiga makilin a gefen faranti kowa ya lakato nasa don kada bakin makilin ya taɓa buroshin kowa, malam yana tsaye yana cewa "na ciki, na ciki", a tofar a kwata, a ɗauraye a rataye. Almajirai su suka fi kowa buƙata, tunda su babu uwa a kusa da za ta leƙa bakinsu ko sau ɗaya a shekara.

Na san abin da malaman firamare za su ce, kuma suna da hujja. Aji mai yara sama da ɗari, babu ruwa, babu banɗaki, albashi bai kai ko'ina ba, yanzu kuma a ƙara musu gadin buroshi? Ga fargabar na wani ya cakuɗe da na wani. Amsata ita ce kada a fara da jiha sukutum da bikin ƙaddamarwa. A fara da 'yan aji ɗaya da aji biyu, shekarun da turmin nan ke fitowa, a makarantun da ke da ruwa, a ɗora aikin a kan mata biyu na unguwa da za a riƙa ba ɗan alawus, kamar yadda aka yi da masu dafa abinci a shirin ciyar da ɗalibai. Tunda ba a kurkurewa, ruwan da ake buƙata na ɗauraye buroshi ne kawai. Kuma kada wanda ya kuskura ya sauke kwalaye a makaranta mai unguwa da liman ba su sani ba. Wanda ya ga abin da ya sami rigakafin shan-inna a Kano a 2003 ya san yadda jita-jita ɗaya take rusa aikin shekaru. Ya kuma san cewa da sarakuna da malamai aka gyaro ta, har aka kai ga shelar 2020 cewa Najeriya ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali.

Wannan na makaranta ke nan. Na asibiti kuwa, a nan nake jin za mu saɓa da wasu likitoci. Makarantun koyon likitancin haƙori a Najeriya sun fi yawa a kudu. A arewa an daɗe ana dogaro da na Jami'ar Maiduguri da na Jami'ar Bayero a Kano, waɗanda ake yayewa kuma, in ba su tsallaka waje ba, a manyan birane suke tsayawa. Ko an ninka masu fitowa sau uku, ba za a kai likitan haƙori kowace gunduma ba a zamaninmu. Amma ƙananan asibitoci suna nan birjik, da ma'aikatan lafiya na al'umma masu awon ciki da rigakafi. Uwa tana kai musu ɗanta sau da yawa kafin ya shekara biyu. Me zai hana, bayan an ɗora shi a sikeli, a ɗaga leɓensa na sama a duba? Ko minti ɗaya ba za a ci ba. Farin tabo mai kama da alli a gindin haƙoran gaba shi ne farkon ruɓa, kuma a wannan matakin ana iya mayar da ita baya.

Kayan aikin ma sun yi sauƙi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka abu uku cikin jerin magungunan da bai kamata ƙasa ta rasa ba: makilin mai fulorayid, da wani ruwa mai haɗin azurfa da fulorayid, da wani simintin ciko da ake kwaɓawa da hannu. Ruwan azurfar ɗigo ake shafawa a kogon, babu allura babu injin, ya tsayar da ruɓar inda take. Aibinsa, wurin yana komawa baƙi ƙirin kuma ba ya gogewa, saboda haka wajibi ne a nuna wa uwa hoto kafin a taɓa, balle in haƙoran gaba ne. Simintin kuma da shi ake wata dabarar ciko da aka ƙirƙiro a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980, daidai don wuraren da babu lantarki: a kankare ruɓar da ɗan ƙaramin cokalin ƙarfe, a danna simintin da yatsa. Da shi ɗin dai ake toshe tsagogin turmin shekara 6 tun bai yi kogo ba. Babu ɗaya cikin ukun da ke neman kujera mai hawa da sauka ko janareta.

Likitoci za su ce haka ake buɗe wa na bogi ƙofa: ka koya wa mutum shafa magani yau, gobe ya kama shago yana cire haƙori da filaya. Fargabar ba ta banza ba ce. Amma na bogin ai sun riga sun cika kasuwa, kuma rashin na gari ne ya kawo su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin yi shi ne a ja layi a rubuce. Ma'aikacin unguwa ya duba, ya shafa, ya tura gaba. Mataimakan likitan haƙori da kwalejojin kiwon lafiya ke yayewa a ɗauke su aiki, a ba kowanne gundumomin da zai riƙa zagayawa yana ciko da wankin haƙori. Likita ya tsaya a babban asibiti da aikin jijiya da tiyata, shi ne kuma mai koyarwa da sa ido. Mutumin da ya share shekara 6 a jami'a bai kamata ya ƙare rayuwarsa yana zare turamen yara daga safe zuwa azahar ba.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta mai cewa, ana fama da yunwa da zazzaɓin cizon sauro da mace-macen haihuwa, kai kana zancen haƙori? Ban ce a ɗebi kuɗin ɗakin haihuwa a sayi buroshi ba. Amma mai wannan magana bai taɓa kwana da yaron da ke birgima riƙe da kunci ba. Ba ya ci, ba ya barci, ba ya karatu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya kiyasta mutum wajen biliyan 2 da ruɓa a haƙoran girma, da yara miliyan 514 a na yarinta, mafi yawansu a ƙasashe irin namu. Ƙurjin da ya taso daga turmin ƙasa yana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da wuya ya toshe numfashi, ana mutuwa da shi a ce sammu ne. Sannan a Sakkwato akwai asibiti guda na cutar noma tun 1999, cutar da ke farawa da ɗan gyambo a dasashin yaro mai tamowa, cikin kwanaki ta cinye kunci da leɓe. Noma daban, ruɓewar haƙori daban, amma ƙazantar baki na cikin abin da ke share mata hanya, kuma in an gan ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsafta da abinci suna tsayar da ita. Najeriya ce ta ja gaba har aka shigar da cutar noma jerin cututtukan da duniya ta yi sakaci da su a Disamban 2023. Ma'aikaciyar da aka koya wa ɗaga leɓe tana neman farin tabo, ita ce za ta fara ganin wannan gyambon.

Kuɗi fa? Manufar ƙasa kan lafiyar baki muna da ita a takarda tun 2012, abin da za a tafiyar da ita ne babu. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi. Tun lokacin bai taka kara ya karya ba, balle da farashi ya yi tashin gwauron zabo, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ganin sai haraji ya ɗaga farashi da kashi 20 ko fiye kafin a ga mutane sun rage sha sosai. Ba na ruɗin kaina cewa haraji zai taɓa zoɓon leda ko teburin mai shayi. Amma komai ƙanƙantarsa, kuɗin da aka karɓa a kan sukari ya dace wani yankinsa ya dawo bakin yara maimakon ya narke a babban asusu. A sauke haraji daga kan makilin mai fulorayid, a sa NAFDAC ta riƙa ɗibar samfuri a kasuwa tana auna ko abin da aka rubuta a kwali yana ciki, inshorar lafiya ta jihohi kuma ta saka duba baki da shafa fulorayid da ciko cikin abin da take biya wa yara.

Akwai kuma abin da ba ya jiran Abuja ko Yamai. Tiren alawar da ke ƙofar makaranta sau da yawa na matar malam ne, ko na wata baiwar Allah mai riƙon marayu, don haka ban ce a kore ta ba. Kwamitin iyaye zai iya zama da ita a yi magana: gyaɗa, aya, ƙuli-ƙuli, awara, dafaffen ƙwai kullum, kayan zaƙi rana ɗaya a mako. Ranar walimar sauka, cikin katon-katon na lemo da minti da ake jibgewa, a rage biyu a sayi makilin. Buroshi yana son canji duk wata uku zuwa huɗu, kusan daidai da zangon karatu, saboda haka ana iya haɗa shi da kuɗin zango, ko wani attajirin unguwa ya ɗauke shi sadaka. Islamiyya mai ɗalibai 200 buroshi 600 take buƙata a shekara, da 'yan kwalayen makilin, da katako mai ƙusoshi na ratayewa wanda kafintan unguwa zai haɗa a yini guda.